Shaidar Maraici

Tun da muka buɗe ido muka tarar ana riƙo a gidajenmu, ba mu taɓa jin an ce wani ya sa hannu a takarda kafin ya ɗauki ɗan ɗan'uwansa ba. Yaro ya isa yaye, kakarsa ta aiko a kai mata shi, kwana bakwai ya zama shekara bakwai, babu mai tambaya. Ɗan fari kuwa, da yake iyayensa suna jin kunyarsa har ba su iya kama sunansa, sau da yawa a hannun wata gwaggo ko wani baffa yake tashi. Macen da Allah bai ba haihuwa ba, dangi ba su barinta da ɗaki wayam. Za a duba cikin 'ya'yan 'yan'uwanta a miƙa mata ɗaya, ta goya, ta yi tarbiyya, ta aurar. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya san tsohuwar nan ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta rasa 'ya'ya ba. Abin lura shi ne, a irin wannan riƙo babu wanda ake cirewa. Yaro yakan ƙara uwa a kan uwa, ya ƙara gida a kan gida, ran salla ya ci tuwo wuri biyu. Sai da ƙaddara ta haɗa mu da dokar wata ƙasa muka san akwai inda ba a ba yaro sabuwar uwa sai an tabbatar, da hatimi da rantsuwa, cewa ba shi da kowa.

Mu mutanen Sabo ne, a nan ƙasar Yarbawa. Fataucin goro ya kawo kakanmu, ya kafa gida, gidan ya yi ta ƙara ɗakuna har ya zama yadda yake a yau, mu uku maza da iyalanmu a tsakar gida ɗaya. Da mu huɗu ne. A damanar 2016 ƙaraminmu ya tashi da matarsa za su Arewa biki, motar da suka shiga ta yi karo da babbar mota tsakanin Jeba da Mokwa, ba su kai ba. Suka bar yarinya ɗaya 'yar shekara huɗu, wadda ƙyanda ta hana a tafi da ita. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, saboda haka babu mai kama sunan a gidan. Ummi muke ce mata. Daren da labari ya iso, matar babban wanmu, wadda yaran gida duka ke kira Inna, ta ɗauke ta ta kai ɗakinta ta kwantar a bayanta. Ba a yi shawara ba, ba a kira taro ba.

Muna da 'yar'uwa mace guda, tana aikin jinya a Amurka, ita da mijinta, shi ma ɗan Sabo. Shekararsu goma sha huɗu da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Da ta zo sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, sai ta durƙusa gaban babban wanmu ta ce, "Yaya, a ba ni Ummi." Shi kuwa bai ko ɗaga kai daga carbinsa ba ya ce, "Wa zai hana ki? Ai taki ce." A al'adarmu magana ta ƙare a nan. A lissafin gida abin da ya rage fasfo ne da kuɗin jirgi, har ma da ta koma ta sayi rigar sanyi ta 'yar shekara huɗu ta rataye a ɗakin da ta gyara.

Lissafin doka daban yake. Lauya ya zaunar da mu ya ce, a dokar shige da fice ta Amurka 'yar ɗan'uwa ba ta cikin dangin da mutum ke iya nema wa izinin zama. Hanya ɗaya ce, kotu ta mai da yarinyar 'ya ga gwaggonta, sa'an nan hukumomin can su gamsu marainiya ce bisa ma'anar da dokarsu ta ba kalmar. Ya ba mu labarin yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan ranar 29 ga Mayu, 1993, domin tsara yadda za a riƙa ɗaukar yara daga wata ƙasa zuwa wata, wadda Amurka ta fara aiki da ita a Afrilun 2008. Ƙasashen da suka shiga suna da hukuma ɗaya tilo da ke magana da takwararta. Nijeriya ba ta ciki a duk shekarun da muka yi wannan fama, don haka kowace takarda da ta fito daga gare mu sai an juya ta ciki da bai. Ya lissafa mana fom uku da za su mallaki rayuwarmu: I-600A, wanda ke auna cancantar masu ɗauka, I-600, wanda ke neman a amince yarinyar marainiya ce, kuma dole a shigar da shi kafin ta cika shekara 16, sai I-604, watau binciken da jami'an jakadanci za su yi a nan gida. Muka yi dariya da ya ambaci shekara 16. Shi bai yi ba.

Kafin mu taka ƙofar kotu sai da muka taka zauren malam, domin kalmar mai da ita 'ya ta tsaya mana a rai. Kowane ɗan makarantar allo ya san ƙissar Zaidu ɗan Harisa, da yadda Suratul Ahzabi ta soke al'adar jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Musulunci ya kwaɗaitar da kafala, watau ɗaukar nauyin maraya, ya hana a shafe nasabarsa. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, amma ambato a yarjejeniya bai zama biza ba. Malam ya daɗe yana shafa gemu, sa'an nan ya kafa mana sharaɗi uku: kada a sauya mata sunan uba, kada a ɓoye mata asalinta, in kuma gwaggonta na son ta bar mata wani abu, to ta hanyar wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Ya ce in an kiyaye waɗannan, takardar kotu ta zama kamar tikitin jirgi, tana ɗaukar mutum ba ta sāke masa jini. Da wannan muka samu natsuwa, ko da yake ɗaya daga cikinmu har yau bai gamsu ba, kuma ba mu ga laifinsa.

Takarda ta farko da aka nema ita ce shaidar mutuwa. Mai karatu ya san yadda muke jana'iza. Mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, masu zaman makoki sun shimfiɗa tabarmi. Doka mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da ta mutuwa, ta ɗora aikin a wuyan Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, amma a tambayi gida goma a Sabo a ga nawa ne ke da takardar mutuwar ubansu. Namu kuwa ko gawarsu ba mu gani ba. Mutanen wani ƙauye da ke bakin hanya ne suka yi musu sutura tare da sauran waɗanda suka rasu, Allah ya saka musu da alheri, mu sai kabari muka tarar washegari.

Haka muka sake ɗaukar hanyar nan da muka yi rantsuwar ba za mu ƙara bi ba. Limamin da ya yi musu salla shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Na'ibinsa, wanda ya gaje shi, ya tuna ranar sarai, har ya tuna launin mayafin matar ƙanenmu, abin da ya sa ɗayanmu ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Muka ɗauki dattijon a mota zuwa kotu ya yi rantsuwa a rubuce, dagaci ya yi tasa, muka bi sawun rahoton hatsarin daga wannan ofishi zuwa wancan har aka zaƙulo shi cikin wani kwali da gara ta fara ci. Tafiya huɗu muka yi. A ta ukun ne na'ibin ya dube mu ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin inda ake wahalar tabbatar da mutuwa haka ba. Mu nan rayuwa ce ke ba mu wahala."

Daga mutuwa sai suna. Bahaushe ba shi da sunan dangi irin na Turawa. Wani ya ɗauki sunan ubansa, wani na kakansa, wani na garinsu, mu huɗu ciki ɗaya kowa da abin da makaranta ta rubuta masa. Muhammadu guda yana iya zama Mamman a katin asibiti, ya zama Mohammed a fasfo, ya zama Momodu a bakin maƙwabta. Yarinyarmu Ummi ce a katin rigakafi, domin da sunan da ta saba ji uwarta ta amsa wa ma'aikaciyar jinya. A rajistar makaranta sunanta na yanka ne, amma yadda kunnen Bayarabe ya ji shi, an yar da harafin farko an ƙara wasali a ƙarshe. A takardar haihuwa wani magatakarda ya juya rana da wata. Ga mai duba fayil a wata nahiya, waɗannan yara uku ne. Kowane saɓani sai da ya ci takardar rantsuwa, wani har da sanarwa a jarida, kuma kowace takardar rantsuwa ita ma abar tuhuma ce, tun da an san ana sayenta a bakin kotu kamar gyaɗa.

Mafi nauyin takardun duka shafi ɗaya ce. A fiƙihun Malikiyya, in uwa ta kau, kaka ta wajen uwa ita ce gaba da kowa a haƙƙin reno, kotu kuma ta ce sai an kawo yardarta a rubuce. Tsohuwar tana wani ƙauye a ƙasar Katsina. Tun ranar da muka je mata gaisuwa ta riga ta ce ta bar mana yarinyar, saboda haka muka tafi da lauya da kwalbar tawada da turmin atamfa. Lauya na karantawa da Turanci, mu muna mayarwa da Hausa, tana gyaɗa kai, har aka zo inda aka ce ta sallama duk wani haƙƙi nata a kan yarinyar har abada, babu janyewa. Sai ta ɗaga hannu.

"In ta tashi aure, wa za a kawo wa goro?"

Muka ce, "Ke mana, Iya."

"In na mutu, za a gaya mata?"

"Za a gaya mata, Iya. Wannan maganar takarda ce kawai."

Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ku yaran nan, kyauta na yi muku, ban kuma ce ku dawo mini da ita ba. Amma wannan da kuke karantawa yafewa ce. Bashi ake yafewa. Ban taɓa jin an yafe jika ba."

Babu wanda ya iya ba ta amsa, har lauyan. Kwana biyu ta bar mu a ɗakin baƙi, ana kawo mana fura da tuwon dawa, ba ta ƙara tayar da zancen ba. A rana ta uku bayan asuba ta aiko a kira babban wanmu shi kaɗai. Abin da suka ƙulla bai taɓa gaya mana ba; mun dai ga tun daga shekarar nan bai ƙara tsallake watan azumi bai aika ƙauyen da buhun gero ba. Ta dangwala yatsa, ta juya mana baya, ta ce a gaida mutan gida.

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohi ke yin nasu a kan tsarinta, ta ce mai ɗauka ya zama ɗan Nijeriya, ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21. Nan ba mu sha wahala ba, da yake tsarin mulkin 1999 ya bar wa haifaffen ɗan ƙasa damar riƙe fasfo biyu. Amma dokar ta ce a sanar da jami'in walwalar jama'a wata 12 kafin hukunci, kuma yaron ya zauna hannun mai ɗauka wata uku a jere. 'Yar'uwarmu ta ɗauki hutu ba albashi ta dawo ɗakin da ta yi 'yanmatanci. Ummi takan yini wurinta, ta ci alawa, ta koyi ƙirga da Turancin hanci, in dare ya yi sai ta sulale ta koma bayan Inna. An ɗage zaman kotu sau da dama, yau alƙali ya tafi taro, gobe fayil bai hawo ba. Sai a 2019 aka yanke hukunci, cikin minti goma.

A can Amurka kuwa su ma ba su zauna ba. Tun daga Yulin 2014 doka ta hana a yi irin wannan ɗauka ba tare da wata ƙungiya mai lasisi ta tsaya a kai ba, ko da yaron ɗan ɗan'uwanka ne, kuma ƙungiya ba ta aiki kyauta. Aka turo musu mai binciken gida, ta duba albashi, ta duba lafiya, ta leƙa inda suke ajiye magani da wuƙa, ta tambaye su yadda iyayensu suka hore su suna yara. Abin da ya fi cin rai shi ne takardun nan suna mutuwa. Rahoton binciken gida ba a karɓarsa in ya wuce wata shida. Hoton yatsu wata 15 yake yi, amincewar fom na farko a wancan lokaci wata 18. Kafin ta Nijeriya ta nuna, ta Amurka ta ruɓe. A sabunta ta Amurka, wata ta sake faɗuwa. Surukinmu ya taɓa tambaya ko zanen yatsan mutum na sauyawa ne cikin wata 15. Aka ce masa yatsa ba ya sauyawa, hali ne ke sauyawa, binciken laifi ake sabuntawa. Mun ga amsar ta yi ma'ana, ko da yake ba ta rage kuɗin ba.

A nan ya kamata mu yi adalci, domin akwai lokacin da muke ganin duk wannan wulaƙanci ne kurum da ake yi wa baƙar fata. Wake ɗaya ke ɓata gari, a wannan harka kuwa wake ya fi mudu. A Oktoban 2007 aka tsare wasu Faransawa na ƙungiyar L'Arche de Zoé a garin Abeshe na gabashin Cadi, suna shirin ɗora yara 103 a jirgi zuwa Faransa. Sun ce marayun Darfur ne, har an naɗa wa wasu bandeji ba tare da ciwo ba. Da hukumomin agaji suka bincika, sai ga shi mafi yawan yaran 'yan Cadi ne, kuma suna da iyaye ko dangi a raye. Kotu a Njamena ta yanke wa shida daga cikinsu shekara takwas da aiki mai tsanani, Shugaba Idris Debi ya yi musu afuwa a Maris na 2008. Abin da ya tsaya mana a wannan labari shi ne abin da iyayen suka faɗa, cewa an gaya musu makaranta za a sa 'ya'yansu, a nan cikin ƙasa. Watau su riƙo suka bayar, irin wanda muka sani, irin na uban da ke damƙa ɗansa ga malam. Masu karɓa kuwa har abada suka karɓa. Tambayar da tsohuwar Katsina ta yi mana, su babu wanda ya ba su damar yin ta.

Kuma ba Afirka kaɗai ba. Koriya ta Kudu ta fitar da yara fiye da 140,000 tsakanin 1955 da 1999, a Maris na 2025 hukumar gaskiya da sasantawa ta ƙasar ta tabbatar an riƙa rubuta yara masu iyaye a matsayin marayu domin a sauƙaƙa fitar da su. A gida ma ba mu da bakin magana, kowa ya ji labarin gidajen da ake tara 'yanmata su haihu a sayar da jariran. Shi ya sa ƙofofi suka yi ta rufewa. Habasha ta hana baƙi ɗaukar yaranta a 2018, Sin ta bi sawu a 2024, Birtaniya kuma ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta taƙaita ɗauko yara daga cikinsu a Maris na 2021. Amurka da ta shigar da yara kusan 23,000 a 2004, a 2019 ba ta kai 3,000 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mu ne tsumman, mun kuma san macijin gaskiya ne. Sanin haka bai gajarta mana ko kwana ɗaya ba, amma ya hana mu zagin wanda ke bayan tebur.

Masu bincike sun zo ba sanarwa, mace da namiji, wata Talata da hantsi. Ba su fara da gidanmu ba. Suka tsaya wurin mai shago, suka nuna hoto, ya ce, "'Yar Alhaji ce, ga gidansu can." Suka tambayi tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin layi, ta ce, "Uwarta yanzun nan ta wuce da cefane." Suka shigo, aka ba su ruwa, matar ta durƙusa daidai tsawon Ummi ta tambaye ta da murmushi ina mamarta. Yarinya ta miƙa hannu ta nuna Inna. Ina babanta? Ya tafi kasuwa.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Wane ɗan unguwa ne zai dubi baƙo ya ce wance marainiya ce, alhali ga ta tsaye tana ji? Wace mace ce za ta ce wannan ba ni na haife ta ba? Kara ta hana, tausayi ya hana, harshen kansa ya hana, tun da wan uba uba ne, matarsa kuma uwa. Duk abin da unguwa ta yi shekara uku tana yi domin kada yarinyar nan ta ji maraici, shi ne ya tashi ya zama hujja a kanmu. Bayan makonni wasiƙa ta iso, cikin ladabi, tana cewa bayanan da aka samu sun saɓa wa abin da ke fayil, a kawo ƙarin shaida. Ba mu ga laifinsu ba. Da a Abeshe an yi irin wannan tambaya, da yara 103 ba su kwana a hannun baƙi ba. Muka koma muka tattaro katin awon ciki na marigayiya, da hotunan suna, da rantsuwar ungozoma. Wani malamin Hausa na jami'a, Allah ya ƙara masa daraja, ya rubuta mana shafi biyu da Turanci yana bayyana wa wanda bai taɓa ganinmu ba abin da ake nufi da baffa, da kara, da alkunya. Ba mu taɓa zaton darasin sunayen dangantaka zai shiga fayil ɗin biza ba.

Saura abu guda. Lauya ya ce za a iya sake tambayar yarinyar, kuma ba a son a koya mata amsa, a dai gaya mata gaskiya. Mun so a bari sai ta ƙara wayo, takarda ba ta bari ba. Babban wanmu ya kira ta bayan magariba, ya zaunar da ita a kan buzunsa, ya yi ta kewaye-kewaye, mutumin da ke sasanta rigimar dillalai cikin numfashi ɗaya. Daga ƙarshe ya ce, "Ummi, kin san ni wan babanki ne?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta ta ce, "Na sani, Baba. Ai ina tuna su. Na ga ba ku son a faɗa ne." Ashe duk shekarun nan da muke yi mata kara, ita ma kara take yi mana. Ranar da ta nuna Inna, Inna na tsaye a wurin.

Ana wata ga wata. Ranar 31 ga Janairu, 2020, Shugaba Trump ya sa hannu a wata sanarwa da ta dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar zama, ta fara aiki ranar 21 ga Fabrairu. An ce irin su Ummi ana iya yi musu sassauci, amma ɗaya bayan ɗaya, watau wani layin ke nan a cikin layi. Ba mu gama fahimtar wannan ba annobar korona ta sauka, aka rufe filayen jiragen Nijeriya ga jiragen waje ranar 23 ga Maris, ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba. 'Yar'uwarmu tana can cikin masu jinyar waɗanda cutar ta kama, takan kira mu da shatin takunkumi a fuskarta, ta ce a ba ta 'yarta. Shugaba Biden ya soke sanarwar ranar 20 ga Janairu, 2021. Kafin nan hoton yatsu ya sake mutuwa.

Mukan ce mun jira shekara biyar, amma mu manya jira bai sauya mu ba sai furfura. Wadda aka nema 'yar shekara huɗu ce, mai barci da yatsa a baki, wadda da an ɗauke ta a lokacin da wata shida ya isa ta saba. Wadda aka ba biza a damanar 2021 'yar shekara tara ce. Ta yi famfara ta gama, ta kai izu biyar a Islamiyya, tana ciniki da Yarbanci har ta fi mu iya taya kaya, tana da ƙawa da suke raba ƙosai. Rigar sanyin nan ta farko, da ta biyu, da ta uku, duk an aiko da su an ba 'ya'yan maƙwabta, ka ga yaro cikin rigar ƙanƙara a zafin Maris yana taƙama. Tun 2019 doka ta ce 'yar gwaggonta ce, amma wadda ta san ba ta cin kuɓewa, ta san tsawa na firgita ta, ta kwana a zaune sa'ad da zazzaɓi ya kama ta, ita ce Inna. Mun taɓa zama muka duba fayil ɗin daga farko har ƙarshe, ya fi kauri hannu. Akwai na'ibin liman a ciki, akwai dagaci, akwai ungozoma, akwai mai shago. Sunan Inna sau ɗaya ya fito, a rahoton masu bincike, a matsayin matar da aka yi zaton uwar ce.

A ofishin jakadanci aka ba 'yar'uwarmu fasfo da wani babban ambulan a manne, aka ce kada a buɗe, jami'in da zai tarbe su a can shi zai buɗe. Duk abin da muka tara yana ciki. Aka kuma ce da zarar yarinyar ta shiga ƙasar ta zama 'yar Amurka, bisa wata doka ta shekarar 2000, ba sai an cike wani fom ba. Wannan ne kaɗai mataki a tafiyar da bai nemi kowa ya jira ba.

Inna ta ce ba za ta Legas rakiya ba, ƙafarta na ciwo. Daren tafiya ta zaunar da Ummi tsakanin gwiwoyinta ta yi mata kitso ƙanana ƙanana, tun bayan isha'i har dare ya raba, tana yi tana cewa can ba ta san ko akwai mai kitso ba, gara a yi wanda zai daɗe. 'Yar'uwarmu na zaune gefe tana miƙa mata man kitso, babu mai duban wata. Da asuba muka ɗora kaya. Inna ta rako su har bakin zaure, ta gyara wa yarinyar ɗankwali, ta ce, "Ki bi gwaggonki, ki riƙe salla." Ta juya ta ce ta bar tukunya a wuta.

Bayan wata biyu 'yar'uwarmu ta kira, ta ce a ba ta Inna. Muna jin muryarta daga inda muke zaune. Ta ce, "Yaya, kitson nan ya tsufa har ya fara dunƙulewa, ta hana kowa ya taɓa. Ki yi mata magana." Inna ta karɓi wayar ta shiga ɗaki ta saki labule.